Faifai Mai Jan Rubutu

A kan kujera suka sauko da shi, farar kujerar roba da yake zama a kai a baranda. Tela maƙwabcinmu ya riƙe ta baya, Direban da ke zaune a hawan ƙasa ya riƙe ƙafafun gaba, suna saukowa a hankali. Gwaggo, matarsa, tana biye da silifas ɗinsa a hannu.

"Ku lura da kansa! Tela, kansa!"

"Gwaggo, kansa lafiya ƙalau yake, bayana ne zai tsinke."

Ni kuma na dawo daga zubar da shara ke nan, na manne da bango a kwanar bene da bokiti a hannu don su wuce. Baba Faifai ya buɗe ido ya gan ni.

"Ku tsaya."

"Baba, mota na jira," in ji Direba.

"Na ce ku tsaya. 'Yar Shiru, zo."

Haka yake kirana tun ina firamare. Na ajiye bokitin na matsa. Numfashinsa na fita da wani sauti kamar ana jan tsumma a ƙasa. Ya laluba aljihun gabansa ya zaro ambulan ya danna mini a hannu, ya matse yatsuna a kai.

"Makulli na ciki. Kafin yaron nan ya iso."

"Wai har a hanyar asibiti ma rabon faifai kake?" Gwaggo ta ce. "Don Allah ku wuce da shi."

Na ce, "To, Baba." Ban san abin da na amsa ba. Suka sauka, na bi su da ido har ƙasa. Da na buɗe ambulan ɗin sai na ga ƙaramin makulli da faifai guda ɗaya. An rubuta a kansa da jan biro mai kauri: *Wannan ba ya dawowa.*

Benenmu hawa uku ne, mu da su muna na ƙarshe, ƙofa na kallon ƙofa. Baba Faifai ya yi ritaya tun kafin in yi wayo, daga wani ofis inda yake kula da na'urorin buga takardu. Aikin da ya ɗora wa kansa bayan nan shi ya ba shi sunan. Yana sauko da ƙananan manhajoji na kyauta daga intanet, ya zuba a faifai, ya bi gidaje yana rabawa duk mai kwamfuta. Ba ya karɓar ko ruwan sha. Kuma na kyauta kawai yake rabawa, waɗanda masu su suka ce a raba. In ka ce ya samo maka wata mai tsada ta bayan fage, sai ya ce, "Ni ba dillalin ɓarayi ba ne," ya ɗauki jakarsa.

Ba ya rubuta sunan manhaja a kan faifai, ciwon yake rubutawa. *Idan ta yi nauyi. Idan ta ƙi buɗe takarda. Idan yara sun goge. Idan talla ta dame ka.* Da sababbin kwamfutoci suka daina zuwa da wurin sa faifai, Tela ya yi ta tsokanarsa.

"Baba, duniya ta koma filasha, kai kana nan da fayafayai kamar mai sayar da waƙar biki."

"Filasha ba ta da wurin rubutu," in ji Baba. Sai ya sayi wani ɗan akwati mai karanta faifai, yana yawo da shi a aljihun kwat.

Washegari da la'asar na raka Umma asibiti dubiya. An ce ruwa ne a huhu, zuciya kuma ta gaji. Gwaggo ta fita karɓo magani, Umma ta bi ta don ta riƙe mata layi. Ya rage daga ni sai shi, da wani tsoho a gadon gefe yana barci baki buɗe.

"Kin yi?"

"Me zan yi, Baba?"

Ya rufe ido kamar na gajiyar da shi. "Ban gaya miki ba ko?"

"A'a."

Ya yi tari mai tsawo. Na miƙa masa kofi, ya ture.

"Kin san ba na taɓa kwamfutar mutum sai na kwafe abin da ke ciki. Kada in ɓata wa mutum abinsa."

Na sani. Kowa ya sani. Yakan ce, "Bari in kwafe tukuna," mai gida ya ce, "To, Baba," ya tafi harkarsa.

"Ban taɓa goge ko ɗaya ba," ya ce. "Kullum sai in ce wataƙila wani ya dawo yana kuka. Shekara goma sha biyu. Suna nan a tawa, a folda mai suna Amana. Ban buɗe na kowa ba, Allah shaida ne. Amma yaron nan zai zo ranar Asabar."

Ɗansu yake nufi, shi kaɗai suka haifa. Injiniya muke ce masa, yana aiki a wani gari mai nisa.

"Ba mugu ba ne. Amma zai ɗauke ta ya kai wa 'ya'yansa, ya daɗe yana cewa. Su kuma ba abin da ba sa dannawa. Ki sa faifan nan, ki jawo foldar ki jefa a akwatin da zai fito. Zai tambaye ki sau biyu. Ki ce e."

"Duka, Baba?"

"Duka."

"Me ya sa ni?"

"Ke ba kya magana."

Na so in ce masa ban taɓa yin abin da ya wuce kwafe takarda ba. Gwaggo ta turo ƙofa da ledar magani, ya juya fuska bango.

Ɗakin aikinsa ba a cikin gidansu yake ba. Wani ɗan sito ne a ƙarƙashin matakalar hawa rufi, tsakanin ƙofarmu da tasu. Da muka dawo na buɗe na shiga. Tebur ɗaya, kujera ɗaya mai matashi da ya lotse, ƙaramar taga. Kwalayen takalmi jere a kan kanta, kowanne da ciwonsa a rubuce. Tabaransa a gefen madannai, kofin shayinsa da busasshen zobe a ciki.

Na kunna kwamfutar. Ko lambar sirri ba ta tambaya ba. Ga Amana nan a tsakiyar allo. Na danna sau biyu, foldoji suka zubo, sun fi arba'in. Babu sunan yanka ko ɗaya, sana'a yake rubutawa. Direba. Nas. Tela. Malamin lissafi. Wasu na san su, wasu sun tashi daga unguwar, wasu ban taɓa ji ba. Na ga Mai kitso, wato Umma, wato tsohuwar kwamfutar da yayana ya bar mana. Na san abin da na riƙa rubutawa a cikinta shekarar da na gama sakandare, na kuma san na goge shi da hannuna. Ashe yana nan. Shekara uku Baba yana amsa gaisuwata a bene, bai taɓa yi mini wani kallo na daban ba.

Na ciro faifan daga ambulan, na mayar. Na sake cirowa. Idan na danna wani abu ya lalace fa? Idan aka ce na shiga ɗakin mara lafiya na yi ɓarna? Na kashe na kulle na fito.

Kuskuren da na yi shi ne gaya wa Umma. Tana tsefe wa wata kai a falo, na ja ta kicin na faɗa mata a hankali, don kawai ta ce mini yi ko bari. Ta dafe ƙirji.

"Kwamfutar kowa da kowa? Har tamu?"

"Umma, a hankali."

"Ni wa zan gaya wa?"

Kafin azahar ta Alhamis duk benen ya ji.

Anti Nas ce ta fara hawowa, ko kayan aiki ba ta cire ba. A hawa na biyu take, ita kaɗai da 'yarta.

"Ke 'yar nan, da gaske ne abin da nake ji?"

"Ban sani ba, Anti."

"Ba ki sani ba kamar yaya? Makulli na hannunki ko ba ya hannunki?"

"Yana hannuna."

"To muje yanzu ki goge. Akwai takardun marasa lafiya a tawa. Akwai wasiƙun da na rubuta wa uban yarinyar nan lokacin shari'a. Ni Injiniya zai kai wa matarsa ta karanta?"

Ba ta rufe baki ba Tela ya hawo da gudu, tef a rataye a wuya, yana haki.

"Kada ki taɓa! Ƙanwata, don girman Allah kada ki taɓa!"

"Kai kuma me ya kawo ka?" in ji Anti Nas.

"Me kike ɓoyewa haka, Nas, da har kike gumi?"

"Abin da ban ɓoye ba ma ba ruwanka da shi. Je ka gama rigar da ka riƙe mini wata uku."

Tela bai rama ba. Abin da ya ba ni tsoro ke nan, don Tela ba ya barin magana ta faɗi ƙasa. Ya zauna a kan matakala.

"Kin tuna da aka fasa shagona bara? Kwamfutata suka ɗauka. Hotunan tsohuwata duka suna ciki. Ko ɗaya ba ni da shi. 'Ya'yana suna tambaya yaya kamanninta, sai in ce su kalli hancina." Ya goge fuska da gefen riga. "Na gaya wa Baba an sace, ya ce in zo in same shi. Na ɗauka jaje zai yi mini, ban je ba. Ashe tana nan a sama da kaina shekara guda."

Anti Nas ta ce, "To a cire nasa a goge sauran."

"Baba duka ya ce," na faɗa.

"Wa ya ce me?"

Gwaggo ce, ta dawo daga asibiti yin wanka da canza kaya. Ta tsaya a ƙasan matakala da flas a hannu tana kallonmu. Duk suka fara bayani lokaci ɗaya. Ta ɗaga hannu. Ta hawo har inda nake.

"Shekara talatin da takwas ina tare da mutumin nan, makullin ɗakin nan bai taɓa shiga hannuna ba. Sai ke."

Ta miƙo tafin hannu. Na fara laluben aljihu. Sai ta janye hannun.

"Riƙe abinki, shi ya ba ki. Amma ba mai taɓa komai sai ɗana ya zo."

"Gwaggo, ya ce kafin ya zo."

"Ya ce. Yau da safe da sunan ƙanwarsa ya kira ni, wadda ta rasu tun muna amare. Ya ce in rufe taga ruwa na shigowa, rana ƙwal. Shi ne za ki bi maganarsa?"

Ta shige gida. Anti Nas ta nuna ni da yatsa ta sauka. Tela ya haɗa hannu biyu ya roƙe ni, shi ma ya sauka. Na tsaya ni kaɗai. Jiya da ya yi mini magana, a hayyacinsa yake ko ba a hayyacinsa ba? Ya tuna Asabar, ya tuna sau biyu za ta tambaya. Amma kuma ya manta bai gaya mini ba tun farko.

Na koma asibiti da yamma ni kaɗai, don in tambaye shi maganar Tela kawai. Na tarar an sa masa robar iska a hanci da baki. Idonsa a buɗe, amma ba ni yake kallo ba. Na durƙusa kusa da kunnensa.

"Baba, 'Yar Shiru ce. Tela yana son nasa. In ba shi?"

Yatsunsa suka motsa a kan zanin gado. Ban san e ba ne ko a'a, ko kuwa ƙaiƙayi ne kawai.

"Baba, Gwaggo ta ce a jira."

Ma'aikaciyar ɗakin ta ce lokacin dubiya ya ƙare.

Da safiyar Juma'a, wajen ƙarfe tara, Umma na cikin yi wa wata yarinya kitso wayarta ta yi ƙara. Ta saurara, ta ajiye matsefi a cinya. Yarinyar ta tafi da rabin kai a tsefe.

Injiniya bai jira Asabar ba. Ya kamo hanya tun da aka kira shi, ya iso daidai lokacin da za a fita da gawa. Na gan shi a bene, dogo kamar ubansa, idonsa ja. Ya tsaya a ƙofar siton, ya murɗa hannun ƙofar ya ji a kulle.

"Wa ke da makullin nan?"

Ina bayan Umma, ina jin makullin a aljihuna kamar garwashi. Aka kira shi daga ƙasa.

"In mun dawo a nemo mini," ya ce, ya sauka.

Maza suka tafi maƙabarta. Mata suka cika falon Gwaggo da namu, takalma har kan matakala. Umma ta aike ni ɗauko ƙarin kofuna. Na ɗauko na ajiye a bakin ƙofa, na buɗe siton na shige na turo.

Na fara da Tela. A kwalin da ba a rubuta komai ba na sami fayafayan da ba a yi amfani da su ba. Na jawo foldarsa yadda take ban buɗe ba, ta ci faifai uku. Na rubuta *Tela* a kan kowanne da biron Baba. Wannan ba abin da ya ce ba ne. Ba kuma abin da Gwaggo ta ce ba ne. Sauran mutum arba'in ɗin fa, wa ya san wanda aka yi wa sata a cikinsu? Ban san inda suke ba, wasu ko su waye ban sani ba.

Na sa faifan mai jan rubutu. Wani akwati ya fito, fari, babu komai a ciki. Na jawo Amana na jefa. Ya tambaya da Turanci ko na tabbata. Na ce e. Ya sake tambaya, ya ce ba za a iya dawo da su ba. Ta bango ina jin wata mata tana kuka, wata na ba ta haƙuri. Na ce e.

Wani koren layi ya fara tafiya a hankali. A ƙarƙashinsa sunan foldar da ake ci yana fitowa da ƙananan baƙaƙe. Direba ya daɗe. Wasu ƙiftawar ido kawai. Mai kitso ta zo ta wuce, na ji wani abu ya sauka daga ƙirjina, sai kuma na ji kunyar jin daɗin.

Ƙofa ta buɗe. Gwaggo ce, mayafi ya rufe mata rabin fuska.

"Na ga haske ta ƙasan ƙofa," ta ce. "Sun ishe ni da haƙuri. Matsa."

Na tashi, ta zauna a kujerarsa. Ta dubi kwalayen, ta dubi kofin. Ta ɗauki tabaransa ta goge da bakin mayafi ta sa. Ta matso da fuska kusa da allo.

"Mai sha... Mai shago." Sunan ya canza. Ta karanta a hankali. "Mai tikiti."

Sai ta yi dariya, gajeriya, ta hanci.

"Ji mutumin nan. Ni ce nan."

"Ke, Gwaggo?"

"A tashar mota ya same ni, ina bayan taga ina yankar tikiti. Sati uku yana sayen na garin da ba shi da kowa a can. Ya saya ya tsaya a gefe, mota ta tashi ta bar shi." Ta girgiza kai. "In ya yi fushi ma haka yake ce mini. Amma ni ba ni da kwamfuta. Me ya ajiye a ciki?"

"Ban sani ba. Ban buɗe ba."

"Me take yi yanzu?"

"Gogewa take."

Ta juyo ta dube ni ta saman tabaran. Na jira ta yi mini faɗa, ko ta kira Umma.

"Har da ni?"

"Har da ke. Ban san ke ce ba, Gwaggo, wallahi. Ya ce duka."

"Ya ce duka."

Na ɗora hannu a kan linzamin kwamfutar, na kai kibiyar kan wurin tsayarwa. Foldar babba ce, layin da ƙyar yake motsi.

"Zan iya tsayarwa. Abin da ya tafi ya tafi, amma abin da ya saura zai tsaya."

"Me ya saura?"

"Ban sani ba."

"Hotuna ne? Ai ba ya ɗaukata hoto. Kullum sai ya ce in daina motsi, ni kuma in yi dariya, ya fasa." Ta gyara tabaran. "Ko wasiƙa ce. Ya iya rubutu, baki ne ba shi da shi."

"In tsayar?"

"Mantawa ya yi ina ciki, ko so yake in tafi tare da su?"

"Ban sani ba, Gwaggo."

"Ke komai ba ki sani ba."

"In tsayar?"

Ta sake matsawa kusa da allo kamar za ta hango cikin foldar ta bayan baƙaƙen.

"Bari in yi tunani," ta ce.

Yatsana na kan linzamin. Ina jin numfashinta, ina jin fankar cikin na'urar. Wani ya taka kofunan da na ajiye a bakin ƙofa, suka yi ƙara, aka tattara. Ban ɗauke ido daga kanta ba, ita kuma ba ta ɗauke daga allo ba.

"Malamin lissafi," ta karanta.

Na janye hannuna. Mai tikiti ta wuce. Ta cire tabaran ta naɗe ta riƙe a cinya. Nas ta zo ta wuce, ba wanda ya karanta. Can ƙasa na ji motar farko ta masu dawowa daga maƙabarta ta tsaya, ana buɗe ƙofofi.

Gwaggo ta sunkuya ta ɗora tafin hannunta a saman akwatin kwamfutar da ke ƙarƙashin tebur.

"Da ɗumi," ta ce.

Ta bar hannun a nan. Koren layin ya ci gaba da tafiya.